Kwairanga a Tashar Bajoga

Jirgi ya daɗe bai leƙo mu ba,
amma duk Alhamis, in la'asar ta yi sanyi,
Kwairanga zai hau dakalin tasha
da hular wani tsohon mai ba jirgi hannu,
takalmi ɗaya na roba, ɗaya na fata,
ya busa usur, ya ce, "A matsa, ga shi nan tafe!"
Mu kuwa mu matsa, har da awakin kan dogo.

Gurminsa mace ce, Inna Dudu yake ce mata.
Ƙoƙon duma, fatar guza,
tsirkiya biyu, ɗaya wayar birkin keke.
In ta ƙi magana sai ya kai baki ya lallashe ta,
ya ce ba a yi wa tsofaffi gaggawa.

Ba ya yi wa kowa kirari.
Wani dillalin wake ya manna masa dubu a goshi,
ya ɓare ta, ya duba gaba da baya,
ya ce, "Wannan jiya aka haife ta, me ta sani?"
Shi ladansa suna ne:
faɗi kakanka, ka nemi wuri ka zauna.

Sai ya ɗauko shekarar fara,
yadda rana ta ɓace da tsakar rana,
aka ci abin da ya ci gero.
Ya gangaro zamanin auduga da kwabo mai huji,
da ranar da aka canja wa motoci hannu
jakin Malam Ɗahiru ya ƙi amincewa.
Yana tsaka da baiti Adda Kulu mai dakuwa ta ce,
"Ƙarya! Ba da safe ba ne, ina daka lokacin."
Ya tsaya cak, ya cire hula,
ya warware baitin kamar mai tsefe kitso,
ya sake kitsa shi da turminta a ciki.

Ni na daɗe ina ɓoye nawa sunan.
A gidanmu in an ce Giɗaɗo, sai a kau da zance:
leburan da ya yar da diga ya gudu,
dogo bai kai ko'ina ba.
Ranar da na faɗa, bakina ya bushe.

Kwairanga ya dube ni har na ji kunya.
Ya ja tsirkiyar keken nan, ta yi kuka siriri.
Ya ce akwai wani yaro daga duwatsun Tula
mai kai wa leburori ruwa,
kububuwa ta sare shi a gindin tulin katako.
Helima ya ce aiki ba ya jiran gawa.
Giɗaɗo ya kwance rawaninsa ya goya yaron,
kwana uku ba ya jin yarensa, yana dai jin nishinsa,
har ƙofar uwarsa.
Albashin wata biyu ya bi ruwa,
sunan rago ya biyo shi gida.

Ba wanda ya tafa.
Adda Kulu ma ba ta gyara komai ba.

Da aka watse na bi shi bakin rijiya,
yana wanke ƙafar da ke cikin roba.
Na ce, "Baba, haka aka yi, ko daɗin baki ne?"
Ya ce, "Yaron ya rayu ko bai rayu ba,
wannan ban sani ba, shi ya sa ban rera ba.
Tula ba ta da nisa, kana da ƙafa."

Ya rataya Inna Dudu, ya busa usur sau biyu.
Awaki suka koma kan dogo.
Ni kuwa ina ta lissafin kuɗin mota.